An ce jijiyoyin jinin hanjinsa "ba sa ganuwa", to daga ina jinin yake fitowa?

Maman_Sadiya_Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu aikin asibiti da waɗanda suka taɓa ganin irin wannan, ku taimaka mini da bayani. Ƙanena ne, tela, ya daɗe yana fama da zawo mai jini da majina, ya rame har wando ba ya zama masa a ƙugu. Maganin basir babu irin wanda bai sha ba, na kanti da na gargajiya, shiru kake ji. Ƙarshe aka tura mu Gee, babban asibitin Kumasi, aka duba hanjin da kyamara, aka gutsuro nama aka kai gwaji. Likita ya ce kumburin babban hanji ne irin wanda ake kwantar da shi da magani amma yana iya tashi. Abu biyu suka tsaya mini a rai. Ya ce ba a ganin jijiyoyin jinin bangon hanjin yadda ya kamata, sannan ya ce a cikin naman an ga ƙwayoyin garkuwar jiki sun taru curi-curi irin na kaluluwa. Inna tun da ta ji "curi" ta ce daji ne ake ɓoye mana, abinci ma da kyar take ci. Ni kuma abin da ya ɗaure mini kai, in jijiyoyin sun ɓace, daga ina jinin nan yake fitowa?

Alhaji_Alabar:
Wa alaikumus salam. Hajiya wannan basir ne mai jini, kooko ɗin nan da Asantawa ke faɗa. Likitoci sun iya raɗa wa abu dogon suna. A nemo masa sassaƙe mai kyau, ya bar shito da maiƙo, za ki ba ni labari.

Nas_Rukayya:
Alhaji da girmanka, basir ba ya ramar da saurayi haka, kuma ba ya tashin mutum zawo cikin dare. Basir jijiyoyi ne da suka kumbura a bakin dubura, jininsa ja wur, yana ɗiga bayan an gama ko a gan shi wajen tsarki. Wanda Maman Sadiya ta kwatanta jini ne cakuɗe da majina, kuma kyamara ta shiga ta ga bangon da kanta. Maman Sadiya, cikin cututtukan kumburin hanjin nan biyu wanne likitan ya ce, alsaretib kolaitis ko ciwon Crohn?

Maman_Sadiya_Aboabo:
Kolaitis ɗin ne Anti Rukayya. An ba shi mesalazine da prednisolone.

Mai_Madubi:
Aikina ke nan, ni ne mai yanka irin wannan naman siriri in shafa masa rini kafin babban likita ya duba. Bari in fara da tambayarki ta jini, don amsar za ta ba ki mamaki: jijiyoyin ba su ɓace ba, ƙaruwa ma suka yi.

Bangon babban hanji mai lafiya yana da sheƙi, tantaninsa na sama garau yake, shi ya sa in kyamara ta haska za ka ga jijiyoyi ja da shuɗi-shuɗi sun yi rassa a ƙarƙashi. Ki ɗauka kin jefa kwabo a bokitin ruwa. In ruwan garau ne kina ganin kwabon, in ya gurɓace ba kya gani, amma yana nan a gindi. Kumburi yana cika tantanin da ruwa da fararen ƙwayoyin jini, ya yi kauri ya dishe, sai mai kyamara ya rubuta cewa bai ga zanen jijiyoyi ba. Abin da idonsa ya gani ke nan daga sama.

Mu da muke ganin naman a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu kuwa, ƙananan jijiyoyi muke gani birjik, sun buɗe sun cika da jini, wasu sababbi ne ma da babu su a da. Naman da ke kumbure yana cin iskar oksijin da yawa, sai ya yi ta fitar da sinadaran da ke sa jijiyoyi su yi sabon tsiro. Matsalar ita ce sababbin ba su nuna ba, bangonsu ba ƙwari, suna yoyo. Ga shi fatar da ta rufe su ta sama ta sassale, wani wurin ma ta zama gyambo. Bayan gida na gogawa sai jini. Wani lokaci bakin kyamarar kawai zai taɓa wurin ka ga yana tsattsafowa.

Ummu_Hanan:
Allahu akbar. Wato abin da aka ce babu shi ne ya yi yawa. Allah ya ba shi lafiya.

Ɗan_KNUST:
Yaya Mai_Madubi ya faɗi daidai, in ƙara kaɗan. Babban sinadarin da ke sa tsiron sunansa VEGF. Amma yawan jijiyoyi ba shi ne kaɗai canjin ba, halinsu ma yana canjawa. Cikin jijiya mai lafiya sulɓi gare shi, ƙwayoyin jini na wucewa sumul. In sinadaran kumburi irin su TNF suka taɓa shi, sai ya fito da wasu abubuwa masu ɗanƙo a fuskarsa. A hanji akwai na musamman, MAdCAM-1. Fararen ƙwayoyin da aka horar don hanji suna ɗauke da abokin haɗinsa, alfa-4-bita-7. Ƙwayar tana zuwa a guje cikin jini, ta fara mirginawa a jikin bango, ta manne, sannan ta kutsa tsakanin ƙwayoyin bangon ta faɗa cikin nama. A lafiyayyen hanji ma ana yin haka daidai gwargwado. A kolaitis da Crohn abin ne ya wuce kima, masu shiga suna fitar da sinadaran da ke ƙara ɗanƙon, ɗanƙon na ƙara jawo wasu. Shi ya sa ciwon ba ya mutuwa da kansa cikin sauƙi.

Kwaku_Bahaushe:
Ɗalibi ya samu inda zai yi bitar jarrabawa. Alfa bita me? Ka tausaya mana, wasunmu makarantar allo muka tsaya.

Ɗan_KNUST:
Hahaha Yaya Kwaku, riƙe wannan kawai: jijiyar ta zama mai kama fararen ƙwayoyi tana tura su cikin bangon hanji fiye da buƙata.

Alhaji_Alabar:
Duk wannan turancin, jijiyoyi ne dai suka kumbura suna zubar da jini ko? To mene ne basir in ba haka ba? Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Nas_Rukayya:
Alhaji bambancin yana wajen magani. Mai basir in ya sha abin da zai tausasa masa bayan gida ya samu sauƙi. Mai kolaitis in aka ɗura masa ruwan ɗacin nan masu sa gudawa, wuta aka ƙara wa fetur. Na ga waɗanda aka kawo mana jininsu ya yi ƙasa sosai, sai da aka yi musu ƙarin jini, duk suna gida ana cewa basir ne yake fita.

Ɗan_Sarkin_Fawa:
Ni ba likita ba ne amma hanji kam na san shi, kullum hannuna na ciki. Maganar curi ce ta sa na yi magana. In ka fito da kayan cikin saniya ka ware hanjin, akwai wani tantani mai kitse da ke riƙe da shi, duk ilahirinsa jijiyoyi ne. A jikin tantanin nan akwai 'yan curarraki launin toka, masu tauri kaɗan, sun jeru kusa da hanjin. Kowace saniya tana da su, mai lafiya da marar lafiya. Likitan dabbobi a kwata su yake bi da wuƙa yana tsagawa, su da na huhu. In ya tsaga ya ga ciki sumul da danshi sai ya wuce. In ya ga abu fari-fari mai dusƙewa, wuƙa na ƙara kamar ta taɓa yashi, to ranar mai saniya zai yi kuka, don tarin fuka ne. Tambayata, curin da aka gani a naman yaron irin waɗannan ne?

Mai_Madubi:
Ɗan Sarki tambayarka ta fi ta wasu ɗaliban. Dangin juna ne amma ba su ba ne. Waɗanda kake gani kaluluwa ce ta asali, da ita aka haifi dabbar, tana da jakarta da ta rufe ta, kuma a wajen hanji take. Mutum ma yana da su a wuri ɗaya. Bayan su akwai wasu a cikin bangon hanjin kansa, a ƙarshen ƙaramin hanji, faci-faci, wani likitan Suwizalan mai suna Peyer ne ya bayyana su a 1677 har yau sunansa suke ɗauke da shi. Babban hanji ma yana da ƙanana ɗai-ɗai a warwatse, afendis kuwa cike yake da su. Don haka Maman Sadiya, ko ni aka gutsuri naman hanjina yau ana iya ganin curi ɗaya ko biyu, ba wani abu ba ne.

Abin da ke faruwa in kumburi ya daɗe shi ne, na asalin suna ƙara girma, sannan sababbi suna tsirowa a inda da babu. Fararen ƙwayoyin da suka yi ta kwarara ba sa zama a barbaje har abada. A hankali sai su tsara kansu, nau'in B a tsakiya, nau'in T a gefe, wasu ƙwayoyi masu rassa suna riƙe da su, kamar dai yadda cikin kaluluwa yake, sai dai babu jaka. A kolaitis ana ganin su a gindin tantanin sama, tare da ƙwayoyin da ke ƙera makaman garkuwa sun yi layi a wurin. Babban likita in ya ga haka, ya kuma ga 'yan ramukan da ke fitar da majina sun karkace sun yi rassa, abin da yake karantawa shi ne ciwon ya daɗe, ba na sati biyu ba ne. Wannan ne ma yake taimaka masa ya raba shi da atini na cin abu marar kyau.

Maman_Sadiya_Aboabo:
To Malam, kai tsaye, in ce wa Inna ba daji ba ne?

Mai_Madubi:
Ban ga takardar ba, kuma ba ni ne mai sa hannu ba. Amma kansar kaluluwa kamanninta daban, ƙwayoyi iri ɗaya ne suke mamaye nama suna rushe tsarinsa, kuma in an yi zargin ta ba a rubuta kolaitis a sallami mutum da mesalazine, ƙarin gwaji ake nema. Ki koma da Inna ranar ganin likita ta yi tambayar da bakinta. Tsofaffi sun fi yarda in sun ji daga mai farar riga.

Ɗan_KNUST:
Ga inda maganar jijiya da maganar curi suka haɗu, kuma shi ne ya fi burge ni. A cikin kaluluwa akwai wasu ƙananan jijiyoyi na musamman da ƙwayoyin bangonsu suke a tsaye, masu kauri, maimakon a shimfiɗe fale-fale kamar na sauran jijiyoyi. Ta nan fararen ƙwayoyi ke fita daga jini su shiga kaluluwa. James Gowans da abokiyar aikinsa Knight ne suka nuna haka a Oksfod a 1964, da ɓeraye. To a hanjin da ya daɗe yana kumbure, jijiyoyi na gama-gari suna rikiɗa su ɗauki wannan siffar. Da zarar sun rikiɗa, har ƙwayoyin da ba su taɓa haɗuwa da abokin gaba ba suna samun hanyar shiga, a horar da su a nan cikin bangon hanjin. Wato wurin ya daina jiran a aiko masa da mayaƙa daga kaluluwa, yana ƙera nasa. A ganina curin nan su ne ke hana ciwon mutuwa.

Mai_Madubi:
Ɗalibi a nan ka yi sauri. Ganin su a wurin ciwo bai nuna su ne ke hura shi ba. Bangon ya fashe, ƙwayoyin cuta na cikin kashi suna kutsowa, ai dole jiki ya kafa sansani a wurin. Wataƙila ba don su ba da abin ya fi haka muni. A wasu nau'o'in kansa ma an lura masu irin wannan curin a cikin ƙarin sun fi samun sauƙi da magani.

Ɗan_KNUST:
Amma Yaya ka duba Crohn. A can curin ba a sama kawai suke tsayawa ba, suna ratsa kaurin bangon gaba ɗaya har bayansa, har cikin tantanin nan mai kitse da Ɗan Sarkin Fawa ya ambata. Akwai binciken da aka buga a 2021 daga St. Louis a Amurka, a kan ɓerayen da ke da kumburin ƙarshen ƙaramin hanji. Sun ga curin suna tsirowa daidai kan 'yan ƙyamaren da ke cikin hanyoyin ruwan kaluluwa, waɗanda ke hana ruwan komawa baya, suna tare hanyar. In magudanar da ke kwashe ruwa da ƙwayoyi daga bango ta toshe, ina kumburi zai sauka?

Mai_Madubi:
Ɓera ka ce, kuma Crohn ka ce. Yaron nan kolaitis gare shi, wanda a tantanin sama yake tsayawa. Kada mu haɗa wa baiwar Allah ciwo biyu a ka.

Baƙo_a_Hambog:
Ni Crohn ɗin gare ni, ɗan Asawase ne amma ina Jamus. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni jini bai dame ni sosai ba, murɗa ce a ƙasan ciki ta dama bayan cin abinci, da rama, da wani maruru kusa da dubura da ya ƙi warkewa yana ta zubar da ruwa. Da aka yanke mini guntun hanjin da ya tsuke, likitan tiyata ya nuna mini hotonsa. Kitse ya taso daga gefe ya naɗe hanjin kusan zagaye, bangon ya yi kauri, ramin ciki ya matse ƙwarai. Ya ce wannan kitsen mai rarrafe alamar Crohn ce da suka daɗe da sani.

Yanzu ƙarin ruwa ake yi mini duk bayan sati 8, vedolizumab. Da nake karanta abin da Ɗan_KNUST ya rubuta sai na gane aikinsa a kan alfa-bitan nan ne da Kwaku yake wa dariya. Maganin yana toshe shi ne, ƙwayoyin su kasa mannewa a jijiyoyin hanji. Sai dai ba ya aiki nan take, sai da na yi haƙuri kafin na ga canji.

Ɗan_KNUST:
Shi ne Yaya. An amince da shi a Amurka da Turai a 2014. Yana hana sababbi shiga ne, waɗanda suka riga suka shiga sai sun ƙare da kansu, shi ya sa yake ɗaukar lokaci. Infliximab mai toshe TNF ya girme shi, tun 1998 ake ba masu Crohn.

Ummu_Hanan:
To tun da sababbin jijiyoyi ne matsalar, me ya sa ba za a ba da maganin da zai hana su tsirowa ba a huta?

Likita_Bawa:
Sannunku, yanzu na ga muhawarar. Ummu Hanan, irin wannan maganin yana nan, ana amfani da shi a kansa, mai toshe VEGF. Amma cikin illolinsa da aka sani akwai hana rauni warkewa da hujewar hanji. Gyambo ba ya rufewa sai da sababbin jijiyoyi, don haka abin da ke zubar da jinin shi ne kuma ake buƙata wajen warkewa. Abin da muke yi shi ne kashe wutar kumburin, jijiyoyin sai su daidaita. Kuma yana faruwa, in magani ya karɓi mutum aka sake shiga da kyamara za a ga zanen jijiyoyin ya dawo, ko da wani lokaci a ɗan karkace saboda tabo. Muna da ma'auni daga 0 zuwa 3 da muke ba abin da kyamara ta gani, kuma ganuwar jijiyoyin na cikin abubuwan da ake dubawa.

Abin da na fi so in ja hankali a kai daban ne. A nan Ghana, kafin in ce wa mutum kolaitis ko Crohn, sai na kore abubuwa uku: atini na amiba, tarin fuka na hanji, da tsargiyar hanji ga wanda ya yi zama a bakin ruwa irin su Yeji. Amiba tana yin gyambo da jini da majina kamar kolaitis, kuma in ka ba mai amiba prednisolone kana iya jefa shi cikin halin da hanjin zai huje. Tarin fuka kuma yana son daidai wurin da Crohn ke so, mahaɗar ƙaramin hanji da babba, har a madubi suna kama. Maman Sadiya, an yi masa gwajin bayan gida kafin a fara maganin?

Maman_Sadiya_Aboabo:
An yi Likita, har hoton ƙirji. Sun ce babu komai.

Likita_Bawa:
Madalla. To abu biyu ki riƙe. Prednisolone ba a yanke shi rana ɗaya, ana rage shi ne a hankali yadda aka rubuta masa, kuma ba maganin zama da shi ba ne. Mesalazine ɗin ne zai ci gaba da shi ko ya ji garau. Na biyu, ya nisanci diclofenac da ibuprofen da haɗe-haɗen ciwon jiki da ake sayarwa a tasha, suna iya tayar da ciwon. Tela ne, na san ciwon baya ba zai bar shi ba, paracetamol ya ishe shi.

Hajiya_Mai_Waakye:
Ni ma kolaitis ɗin nan nake da shi shekaru da yawa, kuma ina nan ina dafa waakye ina sallamar jama'a. Maman Sadiya ki gaya wa Inna ta ci abincinta. Abin da ba wanda ya faɗa mini da wuri shi ne maganar ƙafa. Wani tashi da ciwon ya yi mini na kwanta, sai sha-raɓata ta hagu ta kumbura ta yi zafi, ɗaya ta fi ɗaya. Na ɗauka kwanciya ce, 'yata ta yi ta matsa mini da man zafi. Ashe jini ne ya daskare a jijiya. Nas ɗin da ta karɓe mu ta yi faɗa sosai kan matsar, ta ce gudan zai iya ɓallewa ya tafi huhu.

Likita_Bawa:
Na gode Hajiya da kika kawo wannan. Canjin jijiyoyin ba a hanji kaɗai yake tsayawa ba. Masu wannan ciwon haɗarin daskarewar jini a ƙafa ko huhu ya ninka na sauran mutane kamar sau 2 zuwa 3, kuma ya fi yawa lokacin da ciwon ya tashi. Shi ya sa in mun kwantar da su muke yi musu allurar hana daskarewa ko da suna ganin jini a bayan gida, abin da ke ba dangi mamaki har su yi ta gardama da nas.

Alhaji_Alabar:
Mutum na zubar da jini a ƙara masa maganin tsinka jini? Wannan kam sai ku.

Malam_Sani_Tafo:
Tambaya ta gefe. Mai wannan ciwon ya zai yi da azumi? Ina da ɗalibi mai irinsa yana tambayata, na ce masa marar lafiya Allah ya ɗauke masa ya rama daga baya, amma yana jin nauyi don ba a ganin ciwon a fuska.

Hajiya_Mai_Waakye:
Malam ni in yana kwance ina yin azumina lafiya, in sha magani da sahur da buɗa baki yadda likita ya tsara mini. In ya tashi kuwa ina zaga bayi ba adadi, ba na ko gwadawa, ruwan jikin mutum ƙarewa yake. Ka ce masa ya bar jin kunyar mutane.

Kwaku_Bahaushe:
Ni dai na ji an ce ciwon Turawa ne. Yaushe ya iso Zango? Ko indomi da soyayyen kaza ne suka kawo shi?

Ɗan_KNUST:
A Turai da Amurka aka fara rubuta shi. Samuel Wilks ya bayyana kolaitis a Landan a 1859, Crohn da abokansa biyu, Ginzburg da Oppenheimer, suka bayyana nasu a Niyok a 1932. Amma yana ƙaruwa a ƙasashen da birane ke bunƙasa, Asiya da Kudancin Amurka da Afirka. Ana danganta shi da gado, da canjin abinci, da yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta tun yarinta, abubuwan da ke canja ƙwayoyin da ke zaune a hanji.

Nas_Rukayya:
Ni ina ganin wani ɓangaren ƙaruwar kyamara ce ta ƙaru. A da mutum zai yi ta shan flagyl shekara da shekaru a ce atini ne ya ƙi jin magani, ko a ce sammu ne. Wa ya leƙa cikinsa?

Baƙo_a_Hambog:
Ga masu shan sigari, ni likitana ya ce in ban daina ba ko an yanke ciwon zai dawo a bakin ɗinkin. Na daina.

Maman_Sadiya_Aboabo:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Saura abu ɗaya. Curin nan in ya warke za su narke, ko suna nan har abada? Kuma ba za su rikiɗa su zama dajin nan gaba ba?

Likita_Bawa:
In kumburi ya lafa sosai fararen ƙwayoyin suna raguwa, naman wasu ma yana komawa kusan daidai, amma sau da yawa ana ci gaba da ganin alamar cewa wurin ya taɓa ciwo. Ba curin muke bi da magani ba, kumburin muke bi. Maganar daji kuma gaskiya ita ce, abin da muke sa wa ido a kolaitis da ya daɗe kuma ya ci wuri mai faɗi shi ne kansar fatar cikin hanjin, ba ta curin ba. Don haka ake fara sake duba hanji da kyamara lokaci-lokaci bayan kamar shekara 8 da fara ciwon, kuma wanda ya riƙe maganinsa kumburin ya kwanta ya rage wa kansa wannan haɗarin.

Ɗan_KNUST:
Amma Likita a tumbi ai an san irin wannan curin da ƙwayar cutar H. pylori ke haddasawa yana iya zama kansar kaluluwa, har in an kashe ƙwayar cutar da wuri kansar ta koma.

Likita_Bawa:
Haka ne, a tumbi. Ka bari sai mun haɗu a zagayen duba marasa lafiya ka yi mini wannan tambayar, nan akwai tsohuwa da ta ƙi cin abinci.

Mai_Madubi:
Ɗalibi har yanzu ba ka nuna mini curin ne ke hura wutar ba, ka dai nuna suna wurin da wutar take.

Ɗan_KNUST:
Kai ma Yaya ba ka nuna suna kashe ta ba.

Ɗan_Sarkin_Fawa:
Ku daina faɗa. In kuna so gobe in yanko muku tantanin saniya da curinsa da guntun hanji, ku sa a madubin ku gani, ni ma a nuna mini jijiyar nan mai tsayayyen bango.

Mai_Madubi:
Ɗan Sarki da gaske nake, kawo. Da sassafe, daga yanka kai tsaye, a leda cikin ƙanƙara. Kada ka wanke shi da ruwan zafi kuma kada ka sa gishiri. In ka yi kusa da Kejetia ka kira ni in fito da kwalbar fomalin.